Ƙasar Katagum: Doki a Barga, Kare a Juji

Matafiyin da ya bar Azare ya nufi arewa maso gabas, bayan tafiyar mil 43 zai iske tsohon birnin Katagum a bakin kogin Jama'are. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar. Nan sarakuna suka yi ta zama har 1916, lokacin da aka mayar da fada Azare.

Tsakanin garuruwan nan biyu ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai rairayi da fadamu, ta gero da dawa da garkunan shanu. Mutanenta sun san darajar dabba. Wanda ya ga hawan salla a Azare ya san dokin da ke rangaji a ƙofar fada bai kwana da yunwa ba. Makiyayi kuwa, saniyarsa na yin tari zai nemi malamin dabbobi, don har yanzu dattawa ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi a 1983 ba. Allurar rigakafi ce ta ga bayan wannan annoba, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya cikin 2011.

Amma akwai dabbar da ba ta samu wannan gata ba. Kare shi ke gadin gida da garke, shi ke raka mafarauta daji da rani, duk da haka a juji yake kalaci, allura kuwa sai wanda ya yi sa'a. To, a nan hatsarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ya fi ɗauka. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai haƙuri.

Ga aiki nan yana jiran samarin likitocin dabbobi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da takwarorinta ke yayewa. Maganin ba daga nesa yake ba, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar za ta daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuma, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti tun ranar.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk mai ajiye kare ya ɗauki nauyin cinsa da allurarsa, da kuma lafiyar 'ya'yan maƙwabta. Ƙasar da ta iya kiwon doki ba za ta kasa wannan ba. Allah Ya kiyaye mu.