Ekuri: Kurmin da Ke Riƙe da Iska

Matafiyin da ya bar Kalaba ya nufi arewa, in ya wuce Akamkpa ya ratse daga titin kwalta, zai shiga wata hanya mai taɓo wadda za ta kai shi ƙauyuka biyu, watau Tsohon Ekuri da Sabon Ekuri, a Jihar Kuros Riba. Kurmi ne ya kewaye su, mai faɗin hekta 33,600, yana maƙwabtaka da Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba wanda aka kafa a 1991. Itatuwan wurin sun yi tsawo, rassansu sun haɗe a sama, har da tsakar rana baƙo ya kan zaci magariba ta kawo jiki.

Ga ɗan katako, wannan kurmi kuɗi ne tsaye. Masana kuwa rumbu suke ɗaukarsa. Dalili shi ne, itace ya kan shaƙi iskar nan da ke fita daga hayaƙin injuna da numfashin mutane, ya ware sinadarin kabon daga cikinta, ya gina jikinsa da shi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Muddin itacen na tsaye, ajiyar tana nan. Ran da aka sare shi aka ƙone, ko ya ruɓe, sai ta koma sama ta tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar bargo. Ita kuwa iska ba ta san iyaka ba: zafin da ya ƙaru ya kan sami manomin Sakkwato kamar yadda ya kan sami masuncin Bakasi.

Mutanen Ekuri ba su jira masana ba. Tuni suka ƙi sayar wa kamfanonin katako kurminsu, suka gwammace su ci abinci daga ganyen afang da ƙwayar ogbono, har suka sami lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004. A 2016 gwamnatin jihar ta ƙwace filayen da ke kilomita 10 dama da hagu na wani babban titi da ta yi niyyar shimfiɗawa. Ekuri suka yi tsayin daka, gwamnati ta janye ƙwacen a 2017.

Amma fa zarto bai yi barci ba. Itacen da ya shekara ɗari yana tara ajiyarsa, kafin azahar an kwantar da shi.