Daren Farko a Maraɗi

Da azumi muka tashi daga Batsari, mu huɗu, biyu 'yan Safana ne, za mu taya aikin agaji a wurin tafsiri a Maraɗi. Muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka. A Ɗan Isa jandarma ya duba takarduna, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ya ibada?"

Na zaci zan sha baƙunta, sai na tarar Hausar mutanen Maraɗi irin ta kakata ce a Ruma. Kuɗi ne kawai suka ɗaure mini kai. Mai ƙosai ta ce dala ashirin, na tsaya lissafi, ta yi dariya ta zari sefa ɗari daga tafina.

Aikina shimfiɗa tabarmi da raba kunu da dabino. Wani dattijo ya ji inda na fito, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ai gida ka zo. Daga Katsina kakanninmu suka taso bayan jihadi."

Bayan asham na kwanta a zaurensa, na yi barci kamar a ɗakina.