Kakarsu da Kakarmu

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Shekara 17 na yi ina riƙe da zumuntar wasu abokaina biyu, miji da mata, ta hanyar wasiƙa da tarho kaɗai. Tare muka yi lise a Damagaram, tare muka yi jami'a a Yamai, daga nan suka tafi Faransa ƙaro ilimi, zama ya kama su. Sai a watan Oktoba na 2019 Allah ya nufa na je na same su a Bezanson, wani birni na gabashin ƙasar kusa da iyakar Suwis, inda suke zaune da ƴarsu mai shekara 9.

Na tafi da wata tsohuwar tambaya a zuciyata. Duk shekara idan muka zo kan waƙar da Verlaine ya buga a 1866 game da lokacin da Faransawa ke kira automne, nakan rubuta a allo cewa ma'anarta kaka. Wata rana wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, in kaka ce, me ya sa mawaƙin yake baƙin ciki?" Na ba shi amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

Amsar gaskiya na same ta ranar da abokina ya kai ni babbar ganuwar birnin, wadda Vauban ya tsara a ƙarni na 17, zamanin Sarki Luwi na 14, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 2008. Tana bisa wani dutse, kimanin mita 100 sama da gari. Daga can mutum na hangen kogin Doubs ya yi wa tsohon gari ƙawanya kamar awarwaro a hannun amarya. Duwatsun da ke kewaye kuwa sun rine da ja da rawaya, ganye na zuba, iska mai sanyi na ratsa riga, rana na gaggawar faɗuwa. Nan na gane cewa su a wannan lokaci bankwana suke yi da haske, suna shirin shiga hunturu. Mu kuwa a watan nan ne ake yankan gero, a ɗaure dammuna, rumbu ya cika, a buga gangar kokowa, a sa ranar aure. Wata ɗaya ne a kalanda, amma abin da yake sa wa zuciya ya bambanta.

Da muka sauko muka bi ta gidan da aka haifi Victor Hugo a 1802, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 2013. Makonni kaɗan ya yi a garin iyayensa suka tafi da shi, duk da haka mutanen Bezanson ba su yarda sun saki sunansa ba. Na tuna tarin marubutanmu na ajami da boko waɗanda ko ƙofar gidajensu ba mu iya nuna wa baƙo.

Batun abinci kuma, ba a bar ni da yunwa ba. Na ɗanɗana cukun yankin mai suna Comté, wanda ake curawa kamar ƙafar mota. Guda ɗaya yakan kai kilo 40, yana cin madara wajen lita 400, kuma ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 4 a ajiye. Ya fi cukunmu na ƙasar Tawa laushi da maiƙo, amma hikimar ɗaya ce: makiyayi ya adana nonon lokacin wadata domin lokacin rashi. Da daren ƙarshe uwargida ta buɗe tsarabar kuka da daddawa da na kai, ta tuƙa tuwo da garin alkama tun da babu gero. Muka ci da hannu, kowa ya yi shiru.

A kan tuwon nan ne uban ya ce wa yarinyar: "Gaida Baffanki da Hausa." Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta da Faransanci ko akwai kalmar Hausa da ta sani. Ta ce guda ɗaya: kaka, wato tsohuwar da ke Damagaram, wadda take jin muryarta a tarho ba tare da ta fahimci abin da take faɗa ba.

Da ta kwanta na kasa haƙuri, na ce: "Mutumina, ku biyu Hausawa, ku bar ƴarku ta tashi bebiya a gaban kakarta?" Bai musa ba. Ya ce aiki ya yi yawa, makaranta ta rinjaye su, sun yi sakaci. Sa'an nan ya dube ni ya ce: "To Malam, kai da kake gida, littafin Hausa nawa ɗalibanka suka karanta bana?" Na lissafa a zuci, na ji kunyar faɗa.

Tun da na komo na daina rubuta fassarar nan a allo. Nakan bayyana wa ɗalibai yadda na ga kakar Turai, sa'an nan in sa kowa ya rubuta shafi guda da Hausa a kan kakar ƙauyensu, mu karanta a aji. Yarinyar kuwa, mun yi alkawari da iyayenta ina aika mata saƙon murya duk Juma'a, gaisuwa ɗaya da kacici-kacici ɗaya. Hausarta har yanzu da saura. Amma kafin tsohuwar ta rasu a 2022, jikarta ta gaishe ta da kwana, ta kuma gane amsar da aka ba ta.