Zuwa ga Injiniyan Gidanmu

Auta,

Ina fatan kana lafiya, kai da Umma da amaryarmu da yara. Yaya zafi? Mu nan Kaduna an fara yayyafi, ku kuwa a Kano na san har yanzu kallon gabas kuke yi.

Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ka a waya sai ka mai da maganar wasa, ka ce, "Yaya, ai an gama da wannan." Ba a gama ba. Na ji an janye gadon Umma daga jikin bango saboda danshi. Kada ka je kana ɗaure mata fuska, ba ƙararka ta kawo ba, ni na yi ta tsare ta da tambaya.

Ban raina hannunka ba, Injiniya. Canza kan famfo, sa sabuwar roba inda yake ɗiga, zaƙulo shinkafar da ta toshe wurin wanke-wanke, duk naka ne, kuma Allah Ya yi albarka. Famfon da ke ɗigo ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka mai lita 25 a kwana guda. Kai da ke biyan 'yan ga-ruwa ka fi ni sanin kuɗin. Amma iyakarka inda ido ke gani. Ruwan da ya shige cikin bango ko ƙarƙashin daɓe ya wuce filaya da robar tayar babur.

Je ka tsaya a ɗakinta, ka dubi bangon da ya haɗa da banɗaki. Fentin da ka sa aka yi kafin Salla ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya feso, in ka shafa sai yashi ya biyo hannunka. Ta waje kuma gansakuka ta kama gindin ginin. Ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, to daga ina? Bututu ne ya huje a ciki. Yau fenti yake ci, gobe bulo, in ya kai ga rodi ya yi tsatsa, sai dai a yi maganar magini.

In kana ganin ƙari nake yi, ga gwaji. Cika tanki da daddare, ka sa alama a inda ruwa ya tsaya, ka hana kowa buɗe famfo. Alwalar asuba a yi ta da ruwan randa. Da safe ka hau ka leƙa. In ya sauka, ai ba aljanun tsamiya suka sha ba.

Bututun nan na ƙarfe ne, Baba, Allah Ya jiƙansa, ya sa su tun kafin a haife ka. Irinsu daga ciki suke ruɓewa. Tsatsa tana taruwa tana matse hanyar, shi ya sa tanki cike amma shawa tana tsiyaya da ƙyar, shi ya sa kuma ruwan farko na safe yake fitowa ja kamar shayi, har ya ɓata wa Umma farin mayafinta na Makka. Shekara 40 zuwa 50 ake ba irin wannan ƙarfe, namu kuwa ya ci rabonsa. Kana ɗaure nan, ƙarfin ruwa ya koma ya fasa can. A cire su gaba ɗaya a sa na roba. Akwai koren nan, PPR, da ake narka bakinsa da na'ura a haɗe shi ba da gam ba. Wanda zai bi ta waje a binne shi ko a rufe, don ranar Kano tana busar da roba har ta tsage. A kuma sa wa kowane sashe makullinsa, kada gyaran banɗakinku ya hana Umma girki.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne bututun da ya shigo daga titi, wanda ya ratsa ta cikin kwatar ƙofar gida, ga ɗaurin robarka a daidai wurin. Ruwan matatun Tamburawa da Challawa a tace yake barowa can, amma ka san yadda ake kawo shi a ɗauke. Duk sa'ad da aka ɗauke, bututu ya zama wayam, sai ya zuƙo ruwan kwata ta inda ya huje, in an dawo da ruwa ya turo shi cikin randarku. Ba ka manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A ɗaga shi daga kwatar nan, a sa sabo.

Sai sokawe. In masai yana gurnani, ruwan wanka da na wanki duk suna jinkirin wucewa lokaci guda, ga wari a tsakar gida, to ramin ne ya cika ko hanyarsa ta karye. A kira motar kwasa, su duba murfin ma, na ga ya fara lotsawa. Kada ka kuskura ka leƙa da kanka ko ka tura yaron unguwa ciki, iskar ramin tana sumar da ƙato kafin ya yi ihu.

Na kuma ji kana shirin haƙa burtsatse a gefen sokawen. Masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin bayan gida da ruwan sha. Gidanmu daga zaure zuwa bayan ɗakin girki ya kai haka? Ka bari wanda ya san aikin ya zaɓi wuri da zurfi.

Amarya ta ce famfon banɗakinku yana ɗan jan hannu in an kunna hita, kai kuma ka ce takalmin roba ne maganinsa. Haba Auta! Kashe hitar nan yau, kada a sake kunnawa sai mai gyaran wuta ya gani.

Mai gyaran famfon ma ba kowa za ka jajibo ba, balle abokin nan naka na majalisa. Nemi wanda za ka je ka ga gidan da ya yi wa aiki, masu gidan su yabe shi da bakinsu. Ya rubuta kayan da ake bukata da ladansa a takarda, ku je kasuwar Ƙofar Ruwa tare ku sayo. In ya gama haɗawa, a saki ruwa ya kwana a ciki kafin a shafe da siminti, sannan a cika masa kuɗinsa.

Kuɗi kada ya dame ka. Na yi magana da Yaya Babba, rabi nasa rabi nawa. Naka tsayawa a kan aikin, wanda na san ka iya.

Yajin da Umma ta aiko ya iso, ka yi mata godiya.

Don Allah ka kira mai gyaran kafin Juma'a, ka turo mini hoton takardar. Kafin nan ka mai da Umma ɗakin baƙi, danshin nan ba zai bar tarinta ya warke ba.

Ni ce yayarka,
Yaya Ladi