Shaidar Mai Gadin Babura

A unguwar Mabera da ke Sakkwato, wani malamin lissafi yana rubuta kundin digirinsa na uku, wa'adin miƙawa kuma ya ƙarato. Da dare, idan sabis ya yi rauni, data ta kusa ƙarewa, yakan buɗe Lynx, burauzar da ba ta nuna hoto, sai zallar rubutu. Amma rumbun mujallun da yake karatu a ciki ba ya gane shi, ƙofar shigarsa kuma tana buƙatar JavaScript, wanda Lynx ba ta aiki da shi.

Shafin intanet ba ya riƙe fuska. Idan mutum ya shiga da kalmar sirri, sai shafin ya ba burauzarsa wani guntun rubutu, kuki, tamkar shaidar da mai gadin babura ke bayarwa a bakin Babbar Kasuwa: wanda ya nuna ta, shi ne mai babur. Lou Montulli, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Lynx a Jami'ar Kansas a 1992, shi ne ya samar da kuki a kamfanin Netscape a 1994.

Malamin ya shiga rumbun da Firefox a ofis, ya kwafo kukis ɗinsa cikin fayil, ya nuna wa Lynx inda yake. Shiru. Dare biyu yana fama kafin ya gano dalilai biyu. Na farko, Lynx ba ta karanta ajiyayyun kukis sai an shiga lynx.cfg an mayar da PERSISTENT_COOKIES zuwa TRUE, sannan COOKIE_FILE ya ambaci fayil ɗin. Na biyu, kowane layi yana da gurabe bakwai da maɓallin Tab ke rabawa, shi kuwa wajen kwafa sun rikiɗe zuwa tazarar da ake bari tsakanin kalmomi. Da ya gyara, shafin ya tarbe shi da sunansa.

Murna ba ta hana shi tunani ba. Ba a tambaye shi kalmar sirri ba, ke nan duk wanda ya samu wannan fayil ba za a tambaye shi ba. Filashin da ya kwafo shi a ciki kuwa yakan yi yawo a hannun ɗalibai da masu buga takardu. Kafin kiran Asuba ya goge wancan kwafin, ya kulle na kwamfutarsa yadda shi kaɗai zai iya karantawa, sannan ya koma babi na huɗu.