Rigar kanti da ɗinkin tela: daren da muka harhaɗa ƙwayar Linux a Dutse

Ina shirin shiga aji shida na firamare aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ranar 27 ga Agusta, 1991, muna zagaye da rediyon mahaifina Janar Ibrahim Babangida ya sanar da sababbin jihohi tara, da aka ce Dutse ce hedikwatar tamu sai unguwa ta kaure da sowa. Sai bayan shekaru masu yawa na gano cewa kwana biyu kafin wannan rana, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta wata manhajar kwamfuta don jin daɗin kansa. Har ya ƙara da cewa bai sa ran za ta yi aiki a kan wata na'ura da ba irin tasa ba, mai furosesa 386 na kamfanin Intel. Wannan manhaja ita ce Linux. Ke nan Jigawa da Linux tsaran juna ne. Na kan faɗa wa ɗalibaina haka su yi dariya, amma ni abin yana sa ni tunani, domin kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki tun watan Nuwamban 2017, kuma kowace wayar Android da ke aljihun masu sayar da dabino a kasuwar Shuwarin ita ce a cikinta.

Bari in yi wa mai karatu bayani a taƙaice kafin in shiga labarina. A tsakiyar babbar manhajar kowace kwamfuta akwai wani ɓangare da Turawa ke kira kanel, wato ƙwaya. Ita ce take magana da ƙarfe kai tsaye. Ita take raba wa manhajoji lokacin furosesa, ta tsaga wa kowacce rabonta a ma'ajiyar aiki, ta kai saƙo ga faifai da katin sadarwa ta dawo da amsa. Furosesa kuwa iri-iri ne, kowane zubi da harshensa. Akwai x86-64, wanda kamfanin AMD ya fito da shi a 2003 cikin furosesar Opteron, shi ne a mafi yawan kwamfutocin ofisoshinmu. Akwai ARM na wayoyin hannu, akwai POWER na IBM, akwai RISC-V da aka faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010. Ƙwayar da aka harhaɗa wa wani zubi ba ta tashi a kan wani, kamar yadda ba a karanta wa Bafulatanin da ba ya jin Kanuri wasiƙa da Kanuri a ce ya aikata abin da ke ciki. Linux ɗin da mai ita ya ce ba za ta bar 386 ba, yau tana jin harsuna kimanin ashirin.

Abin da ya kai ni ga wannan rubutu wata tsohuwar kwamfuta ce ta hannu, irin manyan nan da ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, saboda ita take yi wa sauran kwamfutoci hidima. Wani abokina ne ya samo mini ita a Kano, na biya da kuɗin aljihuna, matata tana tambaya ko gado ne na sayo saboda tsawonta da nauyinta. Furosesa biyu gare ta na Xeon, kuma idan aka kunna ta fankokinta kan yi ƙara kamar injin markaɗe kafin su lafa. Niyyata ita ce ɗalibai huɗu da nake duba aikinsu na kammala digiri su sami inda za su gwada lissafe-lissafensu. Mun ɗora mata Debian, ta tashi lafiya, komai yana tafiya. Da a nan muka tsaya, da babu labari.

Wata ɗaliba a cikinsu, 'yar Kiyawa, ita ce ta tayar da zancen. Ta ce: "Malam, kun ce ƙwayar da ke wannan na'ura ita ce dai ake ɗora wa kwamfutar tafi-da-gidanka. To yaya aka yi riga ɗaya ta shiga kowa?" Na ba ta amsar da ke littafi, cewa masu rarraba Linux suna cusa direbobin kusan kowace na'ura a ciki, a loda wanda ake bukata a bar sauran. Ta ce: "To wa ya zaɓa mana?" Na yi shiru. Shekara goma sha ina koyar da darasin babbar manhaja, ina zana hoton ƙwaya a allo, amma rabona da in harhaɗa ta da hannuna tun ina karatun digiri na uku. Ɗalibaina kuwa ko sau ɗaya ban taɓa nuna musu ba. Na ji kunya, na ce su dawo ranar Asabar bayan la'asar.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka aikin rubuta manhaja ne. A'a, aikin amsa tambayoyi ne. Za ka sauko da tushen rubutun, layi fiye da miliyan 30, ka buga umarnin make menuconfig, sai wani shuɗin allo ya buɗe da jerin zaɓi sama da dubu goma. A gaban mafi yawansu amsa uku ce: y, a ɗinke shi a jikin ƙwayar, m, a ajiye shi gefe a ɗauko idan an bukata, n, a bar shi. Dukkan amsoshinka suna taruwa a fayil guda mai suna .config, shi ne awon da tela zai yanka yadi da shi. Ba wanda yake amsa dubu goma ɗaya bayan ɗaya, akan fara da awon da aka tarar ne, sannan a gyara. Sai dai tambayoyin da suka shafi furosesa da irin aikin na'urar, waɗannan dole mutum ya zauna da su.

Ga misali guda da ya cinye mana kusan awa ɗaya. Ƙwaya tana da wani agogo da ke katse furosesa a kai a kai don ta duba ko lokaci ya yi da za a ba wata manhaja dama. Ana tambayarka sau nawa zai buga a daƙiƙa: 100, 250, 300 ko 1000. Kwamfutar tebur, wadda mutum ke zaune gabanta yana son da ya taɓa ta amsa, ta fi son 1000. Uwar garke mai furosesa da yawa ta fi son 100, domin kowane katsewa ɓata lokaci ne, kamar manomin da ake kira daga gona kowane minti a tambaye shi ko yana bukatar ruwa. Ita kuwa 300 an saka ta ne saboda masu aikin bidiyo, domin tana rabuwa daidai da saurin hotunan talabijin na tsarin Turai da na Amurka. Ɗaliban sun yi mamakin cewa har irin wannan an yi tunaninsa. Haka muka zo kan tambayar ko ƙwaya za ta yarda a katse ta tana tsakiyar aiki, inda a gaban zaɓi na farko aka rubuta ƙarara cewa na uwar garke ne. Sai kuma NUMA, wadda ta shafi na'urarmu kai tsaye: kowane ɗaya daga cikin furosesa biyun yana da ma'ajiyar da ke kusa da shi, kuma ɗauko abu daga ta ɗan'uwansa ya fi jinkiri. Idan ƙwaya ba ta san da wannan ba, sai ta riƙa aiken yaro rumbun maƙwabci alhali ga hatsi a gida. Nan ne na ga fuskokinsu sun canza. Abin da na shekara ina faɗa a allo suna haddacewa don jarrabawa, yau ga shi an tambaye su, kuma na'urar tana jiran amsa.

Mun cire abubuwa da yawa, har da zumuɗi. Direbobin katin sauti, na kyamara, na sandar wasan yara, na na'urorin da rabon duniya da su tun kafin a haifi ɗaliban, duk muka ce n. Muka sa ta harhaɗawa, fankoki suka ɗauki kuka, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Sai da muka jira aka tayar da janareta bayan magariba muka ci gaba. Wajen ƙarfe tara ta gama, muka sake kunna na'urar, rubutu ya yi ta gudu a allo, sai ya tsaya cik. Ƙwayar ta firgita, haka ma ake kiran abin da Turanci, tana cewa ta kasa samun faifan da za ta tashi daga kansa. Laifin nawa ne. Direban katin da ke riƙe da faifan na ce a ajiye shi gefe, kuma ban tanadi ƙaramin kunshin da ake lodawa tun farko don ya ɗauko shi ba. Wato na kulle ɗaki na bar makullin a ciki. Allah Ya taimake mu ba mu goge tsohuwar ƙwayar ba, tana nan a jerin GRUB, muka koma ta kanta muka mayar da m ɗin nan y. Ɗalibar nan ta ce, cikin ladabi amma tana danne dariya: "Malam, ashe ku ma kuna yi." Na ce ina yi mana, kuma wannan kuskuren ba za ku taɓa mantawa da shi ba.

Na san abin da abokan aikina masu kula da na'urorin ma'aikatu za su ce, kuma suna da gaskiya. Ba hikima ba ce mutum ya ɗora ƙwayar da ya ɗinka da kansa a kan na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawa. Rigar kanti ta Debian ko Ubuntu ko Red Hat tana da masu bibiyarta, suna toshe ɓarakar tsaro da zarar an gano ta, kai kuwa da ka ɗinka taka ka ɗauki wannan nauyi a kanka har abada. Saurin da muka samu ma bai taka kara ya karya ba, kuma da yawa daga abin da muka sauya ana iya sauya shi ba tare da an sake harhaɗawa ba. Ban ce kowa ya zama tela ba. Abin da nake cewa shi ne, garin da babu tela ko ɗaya a cikinsa, duk rigar da aka kawo masa ita zai sa, ko ta shaƙe masa wuya.

Kuma akwai inda take shaƙewa. Waɗanda suka tsara amsoshin da muke tararwa, galibinsu suna tunanin ɗakin na'urori mai sanyi ne, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu a nan zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, kowace awa ta janareta kuɗin dizal ce. Saboda haka tambayar yadda furosesa zai riƙa rage gudu idan babu aiki, da ta tsarin faifan da ke iya farfaɗowa bayan yankewar wuta ba zato, da ta mai gadin da ke sake tayar da na'ura idan ta sandare cikin dare, a wurinmu su ne kan gaba. Wannan ne ma ya sa nake bin labarin ARM da sha'awa. Linux ta karɓi zubinsa mai bit 64 a ƙarshen 2012, kamfanin Amazon ya fito da furosesarsa ta Graviton a 2018, sannan a watan Yunin 2020 kwamfutar Fugaku ta Japan, wadda ke kan ARM, ta zama ta ɗaya a duniya. Abin da ya ja manyan kamfanoni gare shi shi ne ƙarancin cin wuta. In akwai wanda ya kamata wannan ya dama, ai mu ne masu lissafin faifan sola da batir.

Akwai kuma izina a labarin Itanium. Intel da HP ne suka fito da shi a 2001, aka yi ta shelar cewa shi ne makomar manyan na'urori, hukumomi da kamfanoni suka zuba kuɗi. Kasuwa ta juya masa baya, masu gwada sababbin ƙwayoyi a kansa suka yi ta raguwa, har aka cire shi daga Linux a fitowa ta 6.7 a watan Janairun 2024. A wannan duniyar ba a riƙe zubi don girman sunan mai shi, sai idan akwai masu kula da shi. Duk jami'in da zai sa hannu a takardar sayen uwar garke ta miliyoyin naira, ya kamata a ce akwai wani a kusa da shi da zai tambaya wane zubi ne, kuma wa zai ci gaba da kula da shi nan da shekara goma.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara zancen ba. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013, ta fasaha a Ɓaɓura a 2021. Makarantu dai mun samu, yara masu kaifin basira kuma ba su taɓa yi mana ƙaranci ba. Inda nake tuhumar kaina da ire-irena malamai shi ne mun fi koya musu danna abin da wani ya gina, mun bar buɗe cikinsa, alhali lasisin GPL da Linux ke kai tun 1992 ya ba kowa damar karantawa da sauyawa, ba a tambayar fasfo. Kayan aikin ba su wuce tsohuwar kwamfuta da datar saukar da tushen ba. Abin da ya hana ni tsawon shekarun nan, in zan faɗi gaskiya, tsoron kada ta ƙi tashi a gaban ɗalibai ne.

Ƙwayar tamu ta tashi wajen ƙarfe goma da rabi na daren. Na sa kowannensu ya kwafi fayil ɗin .config ya tafi da shi, ya zaɓi layi ashirin ya rubuto mini dalilin amsar da muka bayar, da abin da zai faru da an ba da wata. Uku sun kawo a mako na gaba. Ta huɗun, 'yar Kiyawan nan, ta zo da wani ƙaramin allon Raspberry Pi da ta aro, tana tambaya ko za a iya harhaɗa masa ƙwayar ARM a kan uwar garken tamu mai Xeon, tunda shi ba shi da ƙarfin yi da kansa cikin sauri. Na ce ana yi, sai an faɗa wa make zubin da ake nufi an kuma ba ta maharhaɗin da ke jin harshensa. Mun sa ranar Asabar mai zuwa, kuma tuni na aika a sayo dizal.