Dalilin Da Ya Sa Motarmu Ke Tafiyar Hawainiya

Tun ran da aka komo da tsohuwar Land Rover ta kwaleji daga gareji, ba abin da na ke ji a ɗakin cin abinci sai gunaguni. Waɗansu na cewa an zubar da kuɗi a banza, tun da motar da aka ce an gyara ga ta nan tana rarrafe. Waɗansu kuwa Baba direba su ke ɗora wa laifi, wai tsufa ya kama shi, don ya ƙi jan tirelar itace, kuma ko'ina za shi sai ya tsaya a inuwa a kan hanya, kamar mai jiran wani. Ni dai ina bayan Baba. Da ya ke na yi shekara uku ina yaron makanike wurin kawuna kafin in shigo nan, ku ba ni aron kunnuwanku.

In kun leƙa ƙarƙashin motar, za ku ga wani ƙarfe mai kama da tulu a jikin aksul na baya, ga kuma ɗan'uwansa a aksul na gaba. Cikin kowane tulu akwai babban faranti mai haƙora, da wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora wanda farfela ke juyawa, shi kuma ya juya farantin. A irin tamu babban haƙora 47 gare shi, ƙaramin 10, watau sai farfela ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin ƙafa ta zaga sau ɗaya. A tsakiyar farantin kuma akwai waɗansu 'yan ƙananan giyoyi da ke barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri. Ku tuna da fareti: in layi zai sha kwana, na gefen waje shi ke buɗa ƙafa, na ciki kuwa sai ya yi ta taka wuri guda. Haka ƙafafun mota su ke. To, farantin nan da ƙaramin abokinsa su aka sake mana, gaba da baya.

Sabon haƙori, kome iyawar wanda ya ƙera shi, ba ya rasa ɗan kaushi wanda ido ba ya gani. Sa'ad da haƙoran nan suka fara cuɗanya, sai su riƙa goge juna har kowane ya sami mazauninsa a jikin ɗan'uwansa, kamar sabon dutsen niƙa da ɗansa. Gugar nan kuwa zafi ta ke haifarwa, zafi kuma shi ne abokin gāban man giya. In man ya yi zafi ƙwarai sai ya tsinke, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe, fuskar haƙoran ta ƙuje. Abin takaici, ba a ranar za a gane ba. Motar za ta yi ta tafiya lafiya lau, sai bayan 'yan watanni a fara jin wani kuka daga baya kamar na kura, wanda ba mai ko addu'ar fasinja da za ta kashe shi. Sai dai a sake sayen waɗansu.

Saboda haka makanikai suka ce, tafiyar fari kada ta wuce mil 15 ko 20, sa'an nan a tsaya tulun ya huce sarai, a kuma maimaita haka sau biyu ko uku. Tsayawar da ku ke gani Baba na yi ke nan. Ku lura, in ya sauko ya kan kai bayan hannunsa kusa da tulun, ya ji irin zafinsa. Har a cika mil 500, watau kamar kilomita 800, ba jan tirela, ba lodi mai nauyi, ba fizgar mota, ba kuma a kafe totur wuri guda a yi ta sheƙa gudu.

Inda Baba ya fi burge ni shi ne wajen aksul na gaba, don nan ne direbobi da yawa ke mantuwa. Irin motar nan, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, a bisa kwalta ƙafafun baya kaɗai ke tura ta. Haƙoran gaba suna juyawa, amma ba su ɗauke da nauyin kome, don haka ko an yi mil dubu suna nan sababbi. Sai an danna sandar nan mai rawayan kai tukuna ƙarfin inji ya isa gare su. Amma fa ba a yin haka a kan busasshiyar kwalta, gama ƙafafun gaba da na baya ba su cin nisa ɗaya a kwana, in kuwa ba ƙasar da za su ɗan zame a kai, sai ƙarafan su murɗe. Shi ya sa ku ke ganinsa da yamma yana kai da kawowa a hanyar burji ta bayan gona, shi kaɗai. Masu cewa mai ya ke ƙonawa a wofi, Allah ya yafe musu.

Na san masu koyarwar gwaji a ƙauyuka sun ƙagu. Amma ku tuna damina na tafe, motar nan kuwa ita kaɗai ke iya kai malamai su duba darasinku bayan rafi. In ta kwanta a watan Agusta, wa zai zo ya ba ku maki?

Ran da aka cika mil 500 za a kwance notin gindin kowane tulu a zubar da man, a zuba sabo mai lamba 90. Na roƙi Baba ya bar ni in riƙe kwano. Duk mai so ya zo ya gani: in man ya fito da ɗan ƙyalli laushi kamar garin tozali, wannan kaushin da haƙoran suka goge ne, ba kome. In an ga ɓarɓashi wanda yatsa ke ji, sai a koma gareji. In kuwa ya fito fari kamar kunu, to, ruwa ya shiga wajen ƙetare rafi. Ku zo da tsofaffin riguna, don warin man giya ba ya jin sabulu.